Wace sabar modam za mu saya wa ofis? Amsa ga wani ƙanenmu a Ingila

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu da ke aikin kwamfuta a Ingila, a wani kamfani da ke gyara wa abokan hulɗarsa na'urori daga nesa: akwatunan PBX masu rarraba layukan tarho a ofisoshi, da na'urorin auna mai a tankunan gidajen mai. Yawancinsu tsofaffi ne, ba sa jin yaren intanet, sai dai a buga musu waya da modam, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho. Ya ce su talatin ne a ofis, goma sha biyu ke da modam da layi a teburinsu, sauran sai su jira wani ya tashi. Maigidansa ya gaji da biyan kuɗin layi goma sha biyu, ya ce a tara modam wuri guda, kowa ya riƙa buga waya daga kwamfutarsa ta netwok ɗin ofis. Wace saba, wato akwatin da zai raba wa kowa modam ɗin, zai saya?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin da wannan aikin na ci abinci a Kaduna a shekarun 1990, lokacin da lambar Kaduna ke farawa da 062, ta Kano da 064, kafin GSM ya shigo a 2001 ya ture layukan ƙasa gefe. Maigidanka yana da gaskiya. Modam a teburin kowa gayauna ce, mai ita yana noma ta in ya samu hali, sauran lokaci tana zaune. Abin da yake nema gandu ne. Amma ina roƙonka kada ka fara da tambayar wace saba. Akwatin shi ne abu na ƙarshe da za ka zaɓa. Manhajar da mutanenka ke aiki da ita, da layin da zai ɗauki kiran, su za su gaya maka wane akwati ya dace, kuma na ga ofisoshi da dama da suka fara da sayen akwati suka ƙare da ajiye shi a sito.

Bari in fara da abin da ke faruwa a zahiri idan aka ce an raba modam. Tsohuwar manhajar gyaran PBX ba ta san netwok ba. Abin da ta sani shi ne kafar COM, wato kafar siriyal da ke bayan kwamfuta, da modam a maƙale da ita. To sai a saka wata ƙaramar manhaja a kwamfutar ma'aikaci, ta ƙirƙiro kafar COM wadda ba ta da jiki. Duk abin da aka rubuta a wannan kafar, sai ta kwashe ta aika ta netwok zuwa sabar, ita kuma sabar ta miƙa wa modam na gaske da ke ɗakin na'urori. Wannan ƙaramar manhaja, wadda zan riƙa kira ɗan aike, ita ce zuciyar lamarin gaba ɗaya.

Mutane suna zaton aikinta kawai ɗaukar bayanai ne daga nan zuwa can. Ba haka ba ne. Kafar siriyal, wadda ake kira RS-232, tana da wayoyi na musamman da ba sa ɗaukar bayani, ishara kawai suke yi. Idan manhaja tana son katse kira, sau da yawa wayar DTR take saukewa, modam ya gane ya ajiye layi. Idan kira ya yanke daga can, modam yana sauke DCD, ta haka manhaja ke sanin ba kowa a layi. RTS da CTS kuwa su ne "dakata" da "ci gaba", masu hana bayanai yi wa modam yawa su zube. Sannan akwai gudun kafar da tsarin bit, domin wasu tsofaffin na'urori da bit 7 da fariti suke magana, ba bit 8 da muka saba ba. Idan ɗan aiken da sabar ba su da hanyar isar wa juna waɗannan isharori, za ka ga kira yana shiga lafiya lau ranar gwaji, amma ba ya katsewa idan an gama, ko manhaja ta zauna tana jiran na'urar da ta daɗe da barin layi.

Saboda wannan matsalar aka rubuta ƙa'idar RFC 2217, wadda ta fito a Oktoban 1997 daga wani injiniyan Cisco. Ƙari ne a kan telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa ta netwok, ƙarin da ke ba ɗan aike damar gaya wa saba: sa gudun kafa kaza, sauke DTR, aika BREAK, zubar da abin da ke ma'ajiya. Ita ma sabar tana sanar da shi duk lokacin da DCD ko CTS suka canza. Don haka tambaya ta farko ga duk mai sayarwa ita ce: sabarku tana jin RFC 2217, ko tana da yarenta da ke yin wannan aikin? Digi suna da nasu mai suna RealPort, Perle suna da TruePort, Moxa suna kiran nasu Real COM. Dukkansu suna aiki, sai dai kowanne ya ɗaure ka da direban kamfanin da ya yi shi. Ni na fi son RFC 2217 domin ranar da wani ɓangare ya mutu, kana iya sauya shi ba tare da ka sauya ɗayan ba. Abin da ba zan karɓa ba shi ne haɗin TCP tsura, wanda ba ya ɗaukar ishara ko ɗaya. Telnet na gargajiya ma yana da tarkonsa: bayit mai lamba 255 a wurinsa alamar umarni ce, dole a ninka ta kafin a aika. Idan ɓangarorin biyu ba su daidaita kan wannan ba, rubutu zai wuce sumul, amma ranar da kuka zo kwaso ajiyar saitin PBX da XMODEM ko ZMODEM, hanyoyin aika fayil ta modam, fayil zai riƙa lalacewa ba ku san dalili ba.

Za ka ci karo da tsofaffin kaya masu araha a kasuwar gwanjo, kuma ya kamata ka san tarihinsu kafin araha ta ruɗe ka. A zamanin DOS ana raba modam ta hanyar INT 14, Novell kuma suka zo da NASI a cikin NetWare Connect. Shiva LanRover ya yi tashe sosai kafin Intel ya saye kamfanin a ƙarshen shekarun 1990. Microsoft ma sun saka raba modam a Small Business Server na 1997, daga baya suka daina. Waɗannan kayan sun yi aiki a lokacinsu, wasu har yau za su tashi idan ka jona su. Amma ɗan aiken da ke tafiya da su an rubuta shi ne don Windows ɗin da aka daɗe da binnewa, kuma Windows mai bit 64 ba ya karɓar direban da ba a sa masa hannu ba. Ƙarfen yana da rai, ba dai mai yi masa tafinta.

Yanzu zauna da ma'aikatan, ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta sunan kowace manhaja da suke buga waya da ita. Za ka yi mamakin yawansu. Wadda ke buɗe kafar COM kai tsaye ta aika umarnin AT, wato yaren ba modam umarni, da kanta, kamar manhajojin taminal, ita ce mafi sauƙin kai. Wadda ke bi ta TAPI, sashen Windows mai kula da buga waya, tana bukatar a girka mata direban modam a kan kafar da ɗan aike ya ƙirƙira, kuma irin wannan direban yana iya buɗe kafar don ya duba lafiyar modam, ya riƙe wa jama'a layi alhali ba wanda ke kira. Sai tsofaffin manhajojin DOS da Windows mai bit 16, waɗanda kamfanonin PBX suka bari ba su sabunta ba. Waɗannan ba sa tashi sam a Windows mai bit 64, da yawansu ba su san wata kafa bayan COM4 ba, wasu ma guntun UART, ƙarfen da ke tafiyar da kafar siriyal, suke taɓawa kai tsaye, inda ɗan aike ba ya iya shiga tsakani. Idan kana da irinsu, sai dai a zaunar da su cikin kwamfutar kwaikwayo, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, a haɗa kafarta ta ciki da kafar ɗan aike. Faks kuwa, cire shi daga wannan lissafi. Modam mai Class 1 yana barin kwamfuta ta kula da lokutan musayar saƙo, kuma ɗan jinkirin netwok ya isa ya ɓata shi. Idan har yanzu kuna aika faks, ba shi sabarsa daban, irin HylaFAX, da modam nasa maƙale kai tsaye.

Ga inda masu saye suka fi faɗawa rami. Akwatin da ke ɗora kafofin siriyal a kan netwok daban, sabar da ke raba modam daban, ko da yake a hoto kamarsu ɗaya. Akwatin farko yana cewa ne: COM3 na kwamfutar wane shi ne kafa ta 2 a jikina, har abada. Idan wani yana kan kafa ta 2, kai ka tsaya, ko da sauran modam biyar suna barci. Wannan ba gandu ba ne, gayaunar ce aka kai ɗakin na'urori. Abin da kake bukata shi ne wanda zai duba tarin, ya ba ka duk wanda ba ya aiki, ya karɓe shi da zarar ka gama. Ko dai sabar ta yi wannan zaɓin, ko ɗan aike ya riƙa bin jerin kafofi yana ƙwanƙwasawa har ya samu buɗaɗɗiya. Tambayi mai sayarwa ƙarara wanne daga ciki kayansa ke yi, kuma ya nuna maka da idonka.

A sabobin Cisco irin 2509 mai kafa 8 da 2511 mai kafa 16, ana haɗa layukan cikin rukuni da umarnin rotary. Kafar TCP 2000 da lambar layi tana kai ka ga takamaiman modam, 3000 da lambar rukuni tana ba ka duk wanda ke sake, 7000 da lambar rukuni kuwa tana yin haka a yanayin da ba ya taɓa bayit ɗinka. Tsari ne mai kyau, na yi shekaru da shi, amma waɗannan akwatuna sun daɗe da fita daga kulawar kamfaninsu, ba sa samun gyaran tsaro. Hanya ta biyu ita ce kwamfuta guda da katin siriyal mai kafofi da yawa, irin na Digi ko Comtrol RocketPort, tare da manhajar raba modam. Kamfanin Tactical Software sun shahara da wannan da jerin manhajojinsu na DialOut. A Linux akwai ser2net, kyauta ne kuma yana jin RFC 2217, kuma sababbin fitowarsa suna da abin da suke kira rotator, inda kafar TCP guda ke ba ka duk modam ɗin da ke sake.

Akwai hanya ta uku da masu sayar da kaya ba za su ambata maka ba, kuma a halin da ka bayyana ina jin ita zan fara gwadawa. Maimakon a kai wa mutane modam, a kai mutane wurin modam. Ka ajiye saba guda a ɗakin na'urori, modam ɗin duka maƙale da ita da kebul na gaske, duk manhajojin gyara girke a cikinta, ma'aikata su shiga ta Remote Desktop. Netwok sai ya ɗauki hoton allo da bugun madannai kawai, maganar siriyal ba ta fita daga ɗakin ba. Matsalar jinkiri ta kau, ba ka da direba talatin da za ka riƙa bi duk lokacin da Windows ya sabunta kansa, mai aiki daga gida ta VPN, rufaffiyar hanyar shiga netwok ɗin ofis ta intanet, ma daidai yake da na ofis. Kuɗinta lasisin Remote Desktop ne, kuma sai ka tabbatar kowace manhaja ta yarda mutum fiye da ɗaya ya buɗe ta lokaci guda. Har yanzu kana bukatar abin da zai raba modam tsakanin masu shiga, amma wuri guda za ka girka shi.

Layi nawa? Kada ka yi kirdado. Karɓo takardun kuɗin waya na wata uku, ko rijistar kira ta PBX ɗinku, ka nemo awar da ta fi cunkoso. A ce a wannan awar ana kira 12, kowanne minti 10. Minti 120 ke nan cikin awa guda, daidai da layi biyu da ba sa hutawa. Masu harkar tarho suna kiran wannan erlang 2, da sunan A. K. Erlang, masanin lissafi ɗan Danmak da ya yi aiki da kamfanin tarho na Kwapanhagan, wanda ya fitar da lissafin a 1917. Bisa lissafinsa, da layi 3 kusan kira ɗaya cikin biyar zai tarar da layi a cike. Da layi 4, kusan ɗaya cikin goma. Da 5 ya sauko kusan kashi 4 cikin ɗari, da 6 kusan kashi 1. Ka ga inda ƙarin layi yake daina biyan kuɗinsa. Idan alƙalumanku sun yi kama da waɗannan, layi shida da saba mai kafa takwas sun wadatar, rabin kuɗin da maigida ke biya yanzu. Abu guda da zai rushe lissafin shi ne kiran da na'ura ke yi da kanta, kamar manhajar da ke zagaya gidajen mai tana kwaso ma'aunin tanki. Irin wannan ba ta gajiya, za ta cinye tarin duka. Ware mata modam nata, ko ka mayar da zagayen cikin dare.

Su kansu modam ɗin, su zama iri ɗaya sak, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, in da hali manhajar ciki ɗaya. Dalili shi ne ma'aikaci bai san wanne zai faɗo masa ba, umarnin shiri guda ne zai aika wa kowa. Umarnin AT sun samo asali daga Hayes Smartmodem na 1981, amma kowane kamfani ya yi nasa ƙari: abin da mafi yawa ke yi da &K3 wajen kunna RTS da CTS, USRobotics da &H1 da &R2 suke yi. Ka sayi na waje masu kafar siriyal da ƙwaƙwalwarsu a jikinsu, irin USRobotics Courier ko Multi-Tech na jerin ZBA. Winmodem, wanda ke jingine aikinsa a kan kwamfuta, ba shi da wurin zama a nan. Kada lambar 56K ta ɗauke maka hankali. Ƙa'idar V.90 ta 1998 tana kaiwa wannan gudun ne kawai idan ɗaya ɓangaren yana haɗe da layin dijital, kamar na masu ba da intanet a da. Tsakanin modam biyu na layin gida, iyaka bit 33,600 a sakan ne, na V.34. Na'urorin da kuke kira ma da yawansu 2,400 ko 9,600 suke yi. Abin da kake nema shi ne modam mai haƙuri da tsofaffi, mai saukowa ya gaisa da su a gudunsu, ya kuma yarda a kashe masa gyaran kuskure da matse bayanai idan na can bai san su ba.

Sannan a tsara yadda modam zai koma asalinsa bayan kowane kira. Wani zai sa shi 2,400 don wata tsohuwar na'ura, na bayansa ya gaji wannan saitin, ya yi ta mamakin me ya samu layi. Ka rubuta saiti guda ka adana da &W, wanda ya ƙunshi &C1 don DCD ta faɗi gaskiya, &D2 don sauke DTR ya katse kira, da S0=0 don kada ya amsa kiran da ya shigo. Sabar kuma ta aika ATZ duk lokacin da aka sake shi. Idan layukan ta PBX ɗinku suke bi, kar ka manta da 9 da waƙafi kafin lamba, waƙafin yana sa shi ya ɗan dakata sakan biyu.

Batun &D2 ba ƙaramin abu ba ne. A wani ofis da na yi wa aiki, ranar wata Juma'a kwamfutar wani ma'aikaci ta daskare yana tsakiyar kiran Legas. Ya kashe ta ya tafi masallaci, daga can ya wuce gida. Sabar ba ta gane cewa ya tafi ba, ba ta sauke DTR ba, na'urar can ma ba ta ajiye ba. Kiran nesa ya zauna a buɗe har safiyar Litinin. Tun daga ranar ban sake girka saba ba sai na kunna mata binciken ko abokin haɗi yana raye, da agogon da ke katse kira idan an ɗauki wasu mintuna ba motsi, a sabar da kuma a modam ɗin kansa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da ku, kuma shi ya sa na ce akwati ne na ƙarshe. Layin da kuke shirin gina wannan tsari a kansa yana kan hanyar fita. Openreach, masu kula da wayoyin tarho na ƙasar, sun daina sayar da sababbin layukan tarho na gargajiya a faɗin Birtaniya tun Satumban 2023, kuma an ɗage rufe tsohon tsarin gaba ɗaya daga Disamban 2025 zuwa ƙarshen Janairun 2027. ISDN, layin tarho na dijital, ma yana cikin masu tafiya, don haka babbar saba irin Cisco AS5300, mai karɓar layin E1 mai hanya 30 da modam na dijital a cikinta, ba inda za ka zuba kuɗi ba ne yau. Wannan yana nufin abu biyu gare ka. Na farko, kada maigida ya yi gaggawar mayar da layi shida kafin ka gama gwaji, domin layin da aka mayar ba lallai a sake ba ku irinsa ba. Na biyu, layukan abokan hulɗarku ma ana mayar da su na intanet ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba tare da mai gidan man ya tuna cewa akwai wata na'ura a bayan ofis da ke amfani da layin ba.

Modam da layin VoIP, wato tarho ta intanet, ba sa ga maciji. Kunnen ɗan Adam yana yafe wa ɗan guntun sauti da ya ɓace, modam ba ya yafewa, sai ya tsaya sake daidaitawa ko ya yanke. Tsarin matse murya irin G.729, mai mayar da sauti bit 8,000 a sakan, an gina shi ne don muryar mutum, kukan modam ba ya fita daga cikinsa da rai. G.711 mai bit 64,000 ne kaɗai ke ba ka fata. Tare da shi sai a kashe datse shiru da share amsa-kuwwa a akwatin da ke haɗa modam da layin, a tsayar da ma'ajiyar jinkiri wuri guda, a kuma tilasta wa modam ƙaramin gudu, da umarnin &N a USRobotics ko +MS a yawancin saura. A 2,400 ko 9,600 sau da yawa yana tafiya, a 33,600 kuwa kada ka sa rai. Kuma ko ka gyara naka ɓangaren tsaf, ba ka da iko da na can.

Saboda haka ina ba ka shawara ka ɗauki wannan sabar a matsayin gada ta 'yan shekaru, ka kashe mata kuɗi daidai da haka. Mafita mai ɗorewa ita ce a sa ƙaramin akwatin siriyal mai intanet ko mai layin salula a jikin kowace na'ura a wurin abokin hulɗa, a shiga ta VPN. Wasu daga cikinsu, irin na Lantronix da Digi, suna iya kwaikwayon modam: manhaja ta aika ATDT, amma maimakon lambar waya sai adireshin IP. Tsohuwar manhajarku ba za ta san an canza komai ba. Wannan ƙarin dalili ne na zaɓen ɗan aike mai bin ƙa'idar kowa da kowa, domin shi ne zai raka ku zuwa sabon tsarin idan modam sun tafi.

Tsaro kuma kada ka bar shi sai an gama. RFC 2217 bai zo da ɓoye bayanai ko tantance mai shiga ba, telnet ne, komai a fili yake wucewa, har da kalmomin sirrin PBX ɗin mutane. Ka killace sabar a ɓangaren netwok nata, ka zaɓi wadda ke tambayar suna da kalmar sirri, in da hali daga RADIUS, sabar tantance masu shiga, ko rijistar ma'aikatan da kuke da ita, mai kuma iya lulluɓe haɗin da TLS ko SSH. Ta riƙa rubuta wa ya ɗauki modam, yaushe, wace lamba ya buga. Ranar da abokin hulɗa ya ce wani ya canza masa saiti da daddare, wannan rijistar ce za ta wanke ku ko ta nuna muku mai laifi. A toshe lambobin 09 masu tsada da na ƙasashen waje daga wurin kamfanin layi, sai waɗanda aiki ya bukata. Ka kuma tuna cewa kwamfutar da ke iya buga waya waje ta samu ƙofar baya da katangar tsaronku ba ta gani, don haka ba kowane ma'aikaci ne ke bukatar wannan damar ba.

Kafin ka sa hannu a takardar saye, nemi kayan gwaji, yawancin masu manhajar suna ba da wa'adi. Haɗa modam biyu kacal. Kira na'urar da ta fi kowace tsufa da taurin kai a cikin na abokan hulɗarku, da manhajar da ake kiranta da ita kullum. Kwaso babban fayil ka kwatanta shi da na asali. Kana tsakiyar kira, zare wayar tarho daga bango ka ga ko manhaja ta gane nan take. Sake kira, ka kashe manhajar da ƙarfi, ka tsaya gaban modam kana kallon fitilar OH, mai nuna cewa modam ya ɗauki layi, har ta mutu, ka ƙirga sakan nawa ta ɗauka. Sake kira, ka zare wutar kwamfutar gaba ɗaya. Rufe murfin laftof kana kan layi. Sa mutum biyu su riƙe modam biyun, na uku ya gwada, ka ga wane saƙo yake samu, domin idan manhajarsa daskarewa take yi maimakon ta ce layi a cike, kai za a riƙa kira kullum. Daga ƙarshe maimaita duka ta layin VoIP, tunda can za ku.

Ka turo min sunayen manhajojin da kuka tattara, da irin Windows ɗin da ke kan teburan, da abin da fitilar OH ta yi lokacin da ka zare wuta. Da waɗannan ukun zan iya gaya maka ko saba mai rotary ce ta dace da ku ko hanyar Remote Desktop. Ka gaida mutan gida.